Karkarar da Ta Rasa Birninta: Difa, Kwarin Komadugu da Kufan Gazargamu

Gabatarwa

Baƙon da ya sauka a garin Difa da niyyar buɗe ido, tambayar da yakan fara yi ita ce: ina tsohon gari yake? Tambaya ce ta wanda ya saba da Damagaram, inda ake nuna wa baƙo unguwar Birni da fadar Sarki, ko Agadas da hasumiyar masallacinta, ko Kano da ganuwarta da dutsen Dala. A Difa kuwa amsa takan zo da jinkiri, domin babu ganuwa, babu tsohuwar fada, babu unguwar da za a ce ta shekara 500. Abin da ido zai gani shi ne ofisoshin gwamnati, da kasuwa, da tashar mota, da makarantu, sai kogi a kudancin gari. Daga nan sai baƙo ya yanke hukuncin cewa wuri ne marar tarihi, ya kama gabansa.

Akwai gaggawa cikin wannan hukunci. Difa sabon gari ne, amma ƙasar da aka kafa shi a kanta tsohuwa ce ƙwarai. Kwarin Komadugu shi ne karkarar Birnin Gazargamu, hedkwatar daular Barno ta tsawon shekaru fiye da 300, wanda kufansa ke ƙetaren kogi, cikin jihar Yobe ta Nijeriya, a tazarar da ba ta kai kilomita 70 daga Difa ba. Birnin ya mutu a farkon ƙarni na 19; iyakar da Turawa suka shata ta raba kufansa da rabin karkararsa a farkon ƙarni na 20; rashin tsaro kuma ya toshe hanyar zuwa gare shi a ƙarni na 21. Abin da ya saura a hannun mutanen Difa shi ne karkarar, kuma wanda ya iya karanta ta zai ga birnin a cikinta.

Abin lura daga birnin Siyena

Domin a gane abin da ake nufi da karanta karkara, yana da amfani a leƙa Italiya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi daɗewa da karɓar masu yawon buɗe ido. Tun ƙarni na 17 ƴaƴan masu hali na Ingila da sauran ƙasashen arewacin Turai suke tafiya can domin cika iliminsu da ganin tsofaffin birane. Ɗaya daga cikin waɗannan birane shi ne Siyena, a lardin Toskana, gari ne a kan tuddai wanda aka gina galibinsa da jan bulo. A tsakiyarsa akwai wani dandali da ake kira Kampo, inda unguwannin gari ke yin sukuwar dawaki sau biyu a shekara, ranar 2 ga Yuli da ranar 16 ga Agusta. Wanda ya san hawan salla ba zai yi baƙunta a wurin ba.

A cikin zauren majalisar birnin akwai wani zanen bango da Ambrogio Lorenzetti ya yi tsakanin 1338 da 1339, wanda ke nuna amfanin mulkin adalci. Mai zanen ya raba bangon gida biyu: rabi birni ne da magina da ƴan kasuwa da malami da ɗalibansa, rabi kuma karkara ce da manoma da gonaki da dabbobi. A tsakaninsu ƙofar gari ce a buɗe, masu kaya na shiga, mahaya na fita. Ma'anar a fili take: birni da karkararsa jiki ɗaya ne, idan ɗaya ya yi ciwo ɗayan ba zai kwana lafiya ba. Hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1995, sa'an nan a 2004 ta ƙara da kwarin Orca da ke kudu da shi, wato gonakin da ƙauyukan da hanyoyin da suka ciyar da birnin.

Ita ma Siyena ta sha wuya. Annobar 1348 ta kashe jama'arta masu yawa, a 1555 kuma ta faɗi bayan doguwar kewayewa, ta rasa ƴancinta. Bambancin shi ne mutanenta ba su watse ba. Sun zauna cikin gidajensu, sun adana littattafan baitulmalinsu, sun ci gaba da bukukuwansu, saboda haka kowane zamani ya sami wanda zai nuna wa na baya abin da aka gada. Wannan shi ne abin da Gazargamu bai samu ba.

Kafuwar Gazargamu

Sarakunan gidan Sayfawa sun fara mulki ne a Kanem, gabas da tafkin Cadi, inda suka karɓi Musulunci tun ƙarni na 11. A wajen shekarun 1380 yaƙin Bulala da rikicin gadon sarauta suka tilasta wa Mai Umar ɗan Idris barin Njimi, ya ƙaura zuwa yammacin tafki. Masarautar ta yi kusan shekara 100 ba ta da mazauni tsayayye, sai a zamanin Mai Ali Gaji, wanda ya kafa Gazargamu a wajen shekarar 1470, kusa da inda Komadugu Gana ke haɗuwa da Komadugu Yobe.

Zaɓen wurin ba a banza aka yi shi ba. Akwai ruwa da kifi, akwai fadamun da ake noman alkama da jigo a lokacin rani, akwai makiyayar dawaki. Arewa maso yamma akwai ƙasar Mangawa mai gishiri da kanwa. Daga bakin tafki hanyar ayari ta miƙe arewa ta Agadem da Bilma zuwa Fezan da Tarabulus, wata kuma ta nufi yamma zuwa ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Sayfawa ma, kwarin mazaunin mutane ne: kwalekwalen da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a Dufuna, kusa da Komadugu Gana, tsawonsa ya haura mita 8, masana kuma sun auna shekarunsa suka tarar sun kai kimanin 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa tonowa a Afirka.

An kewaye Gazargamu da ganuwar ƙasa, faɗin birnin daga bango zuwa bango kimanin kilomita 2. A tsakiya aka gina fada da jan bulo, wato tubalin da aka gasa da wuta, sana'ar da Sayfawa suka zo da ita daga Kanem. Ba da nisa ba, a bakin kogi, aka gina wata fadar ta shaƙatawa a Gambaru, ita ma da jan bulo. Talakawa kuwa gidajensu na ƙasa ne da kara, shi ya sa ba su bar alama mai yawa a bayan ƙasa ba.

Birnin ya kai ƙololuwar ƙarfinsa a zamanin Mai Idris Alauma, a rabin ƙarshe na ƙarni na 16. Limaminsa Ahmad Ibn Fartuwa ya rubuta littattafai biyu da Larabci, a 1576 da 1578, kan yaƙe-yaƙen sarkin. A cikinsu ake samun labarin ƴan bindigar da Turkawa suka horar, da masallatan da aka gina a madadin na kara, da manyan jiragen da sarki ya sa aka sassaƙa domin ƙetarar da runduna da raƙuma cikin sauri. Idris ya aika jakadu zuwa Santambul wurin Sarki Murad na Uku, da kuma Maroko wurin Ahmad al-Mansur. Wajibi ne kuma a faɗi cewa wani babban ɓangare na arzikin daular ya fito ne daga bayin da ake kamowa a kudu ana sayarwa a arewa, ana sayen dawaki da makamai. Tarihin da ya ɓoye wannan bai cika ba.

Labarin Barno ya isa Italiya tun a wancan zamani. Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya kammala littafinsa kan Afirka a birnin Rum a 1526, aka buga shi a Benis a 1550, kuma akwai babin Barno a ciki. Masanin ƙasa Giovanni Lorenzo d'Anania shi ma ya ambaci Barno da Kano a littafinsa na ƙarshen ƙarni na 16. A 1710 wani limamin Kirista ɗan Jenowa mai suna Carlo Maria ya taso daga Tarabulus shi da abokin tafiyarsa da nufin isa Barno. Hanya ta karkatar da su ta Agadas, suka rasu a Katsina a 1711 ba su ga birnin ba.

Ƙasar Hausa kuwa ta fi kowa sanin Gazargamu. Sarautun Galadima, Yarima, Ciroma da Kacalla daga Barno suka zo. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomi irin su karatu, rubutu da kasuwa sun shigo Hausa ne ta bakin Barebari. Har yanzu idan aka ce almajiri ya tafi gabas, an san neman Alƙur'ani ya kai shi ƙasar Barno.

Faɗuwar birni da baƙinsa na farko

A 1808 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Gwani Muktar suka ci Gazargamu. Mai Ahmad, wanda ya tsufa, ya fice ya miƙa sarauta ga ɗansa Dunama. Da taimakon wani malami, Muhammad al-Amin al-Kanemi, aka ƙwato birnin, amma ba a daɗe ba Malam Ibrahim Zaki, wanda ya kafa Katagum, ya sake cin sa. Daga nan sarakuna ba su sake zama a cikinsa ba. Al-Kanemi ya gina Kukawa a 1814, mulki ya koma kusa da tafki, gidan Sayfawa kuma ya ƙare a 1846. Wasiƙun da al-Kanemi da Muhammadu Bello suka yi musaya kan halaccin wannan yaƙi suna cikin littafin Bello mai suna Infaƙul Maisuri, kuma sun cancanci kowane malamin tarihi ya karanta su da idon basira, domin kowane ɓangare ya kawo hujjarsa.

Shekaru kaɗan bayan watsewar birnin sai ga baƙi daga Ingila. Manjo Dixon Denham, da Hugh Clapperton, da likita Walter Oudney sun biyo hanyar Tarabulus da Bilma, suka hangi tafkin Cadi ranar 4 ga Fabrairu 1823 daga gaɓarsa ta arewa maso yamma, a yankin Ngigmi na yau. Suka ƙetare Komadugu a garin Yo, suka shiga Kukawa ranar 17 ga watan. Bayan ƴan watanni Denham da Oudney suka ziyarci kufan Gazargamu da na Gambaru. Denham ya ga ganuwa a tsaye da ragowar ginin jan bulo, ya ga giwaye da dorinar ruwa a inda a da gonaki ne. An gaya masa cewa mutanen birnin sun kai 200,000, adadin da masana na yau ke ganin akwai ƙari a cikinsa. Amma waɗanda suka ba shi labarin sun ga birnin da idonsu yana raye.

Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya bi ta kufan a ƙarshen 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya kuma bayyana yadda mutanen kwari ke ƙetare kogi da kayansu a kan manyan gorunan da aka haɗa da itace. Gustav Nachtigal ya sauko ta Ngigmi a 1870, tare da wani baransa ɗan Italiya, Giuseppe Valpreda, wanda ya musulunta ya zauna a Kukawa. Waɗannan matafiya suna da manufofinsu, kuma ƙasashensu sun ci moriyar abin da suka rubuta a lokacin mamaya. Duk da haka, yawancin abin da aka sani game da halin da kufan yake ciki a ƙarni na 19 daga alƙalaminsu ya fito, saboda su ne suka rubuta abin da suka gani da ranar da suka gan shi.

Yadda kogi ya zama iyaka

Rabeh ya ƙone Kukawa a 1893. A ƙarshen 1899 rundunar Faransa ta Joalland da Meynier ta iso tafki ta Ngigmi, a farkon 1900 kuma ta Foureau da Lamy ta biyo kwarin Komadugu daga Damagaram. Suka haɗu da ta uku a Kusuri, inda aka kashe Rabeh ranar 22 ga Afrilu 1900. Bayan yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Ingila da Faransa, tawagar Kyaftin Jean Tilho da takwararta ta Ingilishi suka auna ƙasar daga Kwara zuwa Cadi. Aka mayar da ƙarshen Komadugu, kimanin kilomita 150 kafin ya faɗa tafki, iyakar ƙasa.

Kogin da a da shi ne tsakiyar daula sai ya koma gefen ƙasashe biyu. Mobar, masu noma da su a gaɓar nan da gaɓar can, suka wayi gari dangi ɗaya da haraji biyu. Yaron Difa ya koyi tarihi da Faransanci, na Gaidam da Damasak ya koya da Ingilishi, kowa kuma littafinsa ya tsaya a bakin ruwa. Turawan Faransa sun gudanar da yankin daga Ngigmi da Maine-Sorowa. Sai bayan samun ƴancin kai, a gyaran fuskar mulki na 1964 da ya raba Nijar gida 7, aka ɗaga Difa ya zama hedkwata. Daga nan garin ya girma: hanyar ƙasa mai lamba 1 ta haɗa shi da Yamai mai nisan kilomita fiye da 1,300, aka kafa masa jami'a a 2014. Ƙidayar 2012 ta ba jihar mutum kusan 600,000. Wanda ya nemi tsohuwar ganuwa a irin wannan gari ya nemi abin da tarihi bai ajiye a nan ba.

Abin da kwari ke nunawa

Abu na farko da za a karanta shi ne ruwan kansa. Komadugu da Barbarci kogi yake nufi. Ruwansa ba na sararin Difa ba ne: daga ƙasar Kano da tsaunukan Jos yake tasowa, ta kogin Haɗeja da na Jama'are, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, sa'an nan ya gangaro a hankali. Shi ya sa cikar kogi a Difa takan zo ne bayan damina ta ɗauke, wajen Nuwamba, lokacin da sauran ƙasa ta fara bushewa. Wannan jinkiri shi ne sirrin noman rani na kwarin, shi ne kuma ya ciyar da Gazargamu. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992, dukansu a jihar Kano, sun canza yawan ruwan da lokacin zuwansa. Manomin Geskeru da mai buɗe famfo a Kano daga tulu ɗaya suke sha, ko da ba su san juna ba.

Na biyu shi ne gona. Inda a da ake ban ruwan alkama da jigo, injin ban ruwa ya shigo, jan tattasai ya zama sarkin amfanin gona tun daga shekarun fari na ƙarshen ƙarni na 20. Ana shanya shi a fili har ƙasa ta yi ja, a ɗura a buhu, a kai kasuwannin Nijeriya da na cikin Nijar. Amfanin sabo ne, amma tsarin tsoho ne: kwari na nomawa, birni mai nisa na saye.

Na uku shi ne gishiri. Yamma da Difa, a ƙasar Mangawa, tsakanin Maine-Sorowa da Gudumariya, akwai ƙananan kwaruruka masu dabino da goruba a tsakanin tuddan rairayi. A can ake kankare ƙasa mai gishiri, a tace ta da ruwa, a dafa ruwan cikin ƙananan tukwane har ya daskare ya zama manda. Wannan gishiri da kanwar yankin sun yi ƙarnoni suna shiga kasuwannin Hausa da Nufe, sarakunan Barno na karɓar rabonsu. Paul Lovejoy ya rubuta littafi a kan wannan fatauci a 1986, masanin tarihi ɗan Nijar Maikorema Zakari kuma ya wallafa tarihin Mangari daga ƙarni na 16 zuwa na 19 a 1985. Babban abin da ke barazana ga waɗannan kwaruruka shi ne rairayin da ke binne su.

Na huɗu shi ne sunaye. Sarkin gundumar Komadugu ana kiran sa Kazalma, sarautar da ta samo asali daga tsarin mulkin Barno. Sunan Shetimari, garin da ke yamma da Difa, yana nufin mazaunin Shettima, sarautar da ake bai wa malamai. Ɗafin nan na «ri» da ke ƙarshen sunayen ƙauyuka masu yawa yana nuna wanda ya kafa wuri ko mutanen da suka zauna a cikinsa. Taswirar gundumar kaɗai, idan an karanta ta da kunnen Barbarci, littafin tarihi ce.

Na biyar shi ne bulo. Nijar ma tana da nata kufan jan bulo, wato Garumele, ba nisa da Ngigmi, wanda ruwayar baka ke dangantawa da zaman sarakunan Sayfawa. A. D. H. Bivar da Peter Shinnie sun bayyana shi tare da Gazargamu da Gambaru a wata maƙala ta 1962 kan tsofaffin biranen Barebari. A shekarun 2000 kuma Anne Haour ta yi tono a wurin ta nazarci fasassun tukwanensa, tare da haɗin gwiwar masanin Nijar Boube Gado. Ngigmi kanta, mai nisan kimanin kilomita 130 daga Difa, zangon ayarin Bilma ce kuma tashar masunta a lokacin da tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye ruwan daga bakin garin. A kusa da ita akwai farin rairayin Tal, a tsibirai da gaɓar tafki kuma akwai Buduma da shanunsu na Kuri masu kumburarrun ƙahoni.

Shekarun tashin hankali

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka hana cinikin tattasai da na kifi domin toshe wa maharan hanyar samun kuɗi. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mazauna tsibiran tafki, a Yunin 2016 kuma aka sake afka wa Boso. Ƙauyukan bakin kogi da dama suka watse, mutanensu suka kafa bukkoki a gefen kwalta, tare da ƴan gudun hijirar da suka ƙetaro daga Nijeriya. An ɗage haramcin tattasai a 2017, na kifi a 2019, a shekarar da ambaliyar Komadugu ta sake raba dubban mutane da gidajensu.

Asarar rayuka da dukiya ita ce babba, kuma ba a haɗa ta da komai. Amma akwai wata asarar da ba a ƙidaya ta. Tsohon da ya san sunan kowane tafki da kowace fadama, ya san inda kakanni suka ƙetare da inda aka binne waliyyin ƙauye, idan aka raba shi da ƙasarsa iliminsa ya rasa abin nunawa. Jikan da aka haifa a sansani zai ji sunaye, ba zai ga wuraren ba. Haka ya faru da mutanen Gazargamu bayan 1808: sun watse da labarinsu, aka bar kufai ba mai bayani. Abin tsoro shi ne karkarar ta bi sawun birninta.

Kammalawa

Ba a cewa malami ya ɗauki ɗalibai zuwa inda hukuma ta hana zuwa, kuma buɗe ido a kwarin Komadugu zai jira kwanciyar hankali. Amma akwai aikin da ba ya jira. Da yawa daga cikin tsofaffin ƙauyukan da suka watse suna nan a unguwannin Difa da gefen hanya. Ƙungiyar al'adu da ke da na'urar ɗaukar murya, ko wayar hannu kawai, za ta iya zama da su bisa yardarsu, ta rubuta sunayen ƙauyuka da ma'anarsu, da jerin sarakuna, da mashigan kogi, da kalmomin su da noma da dafa gishiri, da Barbarci da Hausa da Fulatanci, tare da rana da wurin da aka ɗauki kowace magana. Cibiyar IRSH ta jami'ar Yamai da cibiyar CELHTO, wadda aka kafa domin tattara tarihin baka, suna da ƙwarewar adana irin wannan aiki, jami'ar Difa kuma ita ce ta fi cancanta ta zama gidansa.

A cikin aji ma akwai abin yi. Taswirar da ta nuna kwarin gaba ɗaya, daga Tiga zuwa Boso, da Gazargamu a tsakiyarta, ta fi wadda ta tsaya a iyaka amfani ga ɗalibi. Littafin Maikorema Zakari ya cancanci a taƙaita shi cikin harsunan gida. Malaman Difa da na Maiduguri da Damaturu tarihi ɗaya suke koyarwa da harsunan Turawa biyu, kuma musayar takardu a tsakaninsu ba ta buƙatar ƙetare kogi. Dokar Nijar ta 1997 kan kare kayan tarihi ta shafi wurare irin su Garumele, amma doka ba ta gadin kufai idan maƙwabtansa ba su san darajar bulon da ke cikinsa ba.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mutanen Komadugu ba da son ransu suka bar nasu ba, kuma da yawansu sun fara komawa. Kogi zai ci gaba da kawo ruwan Kano kowace kaka, tattasai zai sake ja a fili. Amma tsofaffin da suka san sunan kowane lungu na kwarin ba za su dawwama ba, kuma abin da ba a karɓa daga bakinsu a waɗannan shekaru ba, babu mai tono da zai fito da shi daga ƙasa.